Yadda Ƙarancin Harsashi Ke Zaɓar wa Maharban Amurka Bindiga

A watan Nuwamban 2020, da kakar farautar barewa ta kama a yawancin jihohin Amurka, maharba da yawa sun fita sayen harsashi sun dawo hannu rabbana. Mutum zai shiga shagon da ya saba da shi shekara da shekaru ya tarar da kantoci wayam, sai 'yar takarda a liƙe cewa kwali ɗaya ko biyu kaɗai ake sayar wa mutum guda, shi ma in mota ta kawo kaya. Wannan fa a ƙasar da ta fi kowace ƙasa yawan bindigogi a hannun farar hula, ƙasar da masana'antunta ke ƙera biliyoyin harsasai kowace shekara. Injinan ba su tsaya ba, dare da rana suke aiki, amma kayan ba ya isa.

Wahalar kuma ba ta faɗa wa kowa daidai ba. Mai bindigar da ke cin irin harsashin da ake kira 9mm ko .223 ya sha tsada, ya bi layi, amma kayansa ne suka fara dawowa kanta. Wanda kuwa ke riƙe da bindigar gado, irin mai cin .35 Remington ko .300 Savage ko .257 Roberts, kaka ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, bai ga ko kwali ɗaya ba. Masu rubutu a mujallun farauta na can sukan kwana suna gardama kan wane harsashi ya fi wane gudu, wane ya fi wane miƙewa a iska. Ni dai da na bi diddigin lamarin, na ga ba a filin harbi ake yanke wannan shari'a ba. A cikin masana'anta ake yanke ta, ranar da manaja ya zauna yana lissafin abin da zai ɗora wa inji da abin da zai jingine.

Kafin mu kai can, sai mun fasa harsashin mun ga cikinsa.

Duk wanda ya taɓa ganin maharbin ƙauye yana ɗura bindigar toka ya riga ya san rabin karatun. Zai zuba albarushi ta baki, ya danna tsumma, ya zuba dalma, sannan ya tanadi abin da zai ba da tartsatsi idan kunama ta sara. Harsashin zamani waɗannan abubuwa ne aka haɗe wuri ɗaya. Akwai kwanso, wanda yawanci na tagulla ne, kusan kashi 70 cikin ɗari jan ƙarfe, 30 tutiya. Akwai garin albarushi a cikinsa. Akwai ƙwayar da ke fita, galibi dalma ce aka yi wa riga da jan ƙarfe. Sai na huɗu, wani ɗan maɓalli a gindin kwanso wanda bai kai ƙwayar wake ba, Turawa na ce masa firaima. Shi ne ƙyastun harsashi: tsinken bindiga ya buge shi, ya yi tartsatsi, gari ya kama. In ɗaya cikin huɗun nan ya yanke, sauran ukun tarin ƙarfe da hoda ne kawai.

Lambobin da ke jikin sunayen ma ba wani sirri ba ne. A .30-06, kashin farko faɗin ƙwaya ne da ma'aunin inci, na biyu kuma shekarar 1906 da sojan Amurka suka karɓe shi. A 7.62x39, harsashin Kalashnikov, faɗin ƙwaya ne da tsawon kwanso da milimita. Kowace bindiga irin harsashinta ɗaya take ci, domin an fafe ɗakin da yake zama daidai jikinsa. Shi ya sa mai .270 ba zai ce bari in yi maneji da .308 ba tunda shi ke kanta.

Ƙyastu, wuyan kwalba

A Amurka akwai jama'a masu yawa da ba sa dogara da harsashin kanti. Sukan tsince kwanson da suka harba, su wanke, su gyara masa baki, su sayi gari da ƙwaya da ƙyastu daban-daban su sake haɗawa a gida da ɗan injin hannu, kuma doka ta yarda. Wasu don sauƙin kuɗi suke yi, wasu don neman daidaito a gasar harbi, wasu kuma don irin harsashin bindigarsu an daina kawo shi. Waɗannan mutane sun daɗe suna ganin cewa ƙarancin kanti ba zai taɓa su ba. Kwanso ɗaya ana iya sake ɗura shi sau da yawa. Ƙwaya, in ta kama, mutum na iya narka dalma ya zuba. Gari kuwa akwai iri-iri, in babu wannan a nemi makamancinsa. Amma ƙyastu sau ɗaya yake aiki, kuma ba abu ne da ake haɗawa a bayan ɗaki ba.

Sinadarin da ke cikinsa an yi shi ne don ya fashe da bugu ɗaya, saboda haka aikin sa aiki ne na sai da taka-tsantsan. A jiƙe ake sarrafa shi don kada ya tashi, a gine-ginen da aka ware nesa da juna, kuma har yau wani ɓangare na aikin hannun ƙwararrun ma'aikata ne ke yin sa. Ba a ɗauko mutum daga titi yau a sa shi a ɗakin gobe. Ga izinin gwamnati, ga dokokin muhalli, ga inshora. Don haka manyan masu yin sa a duk faɗin Amurka a 2020 huɗu ne: Federal a Anoka ta jihar Minnesota, CCI a Lewiston ta jihar Idaho, Winchester, da Remington a Lonoke ta jihar Arkansas. Dukansu kuma su ne manyan masu ƙera cikakken harsashi.

A nan matsalar take. Kamfanin da ke da ƙyastu dubu a hannunsa yana da zaɓi biyu: ya sayar da su tsurarsu ga masu haɗin gida a kan 'yan daloli, ko ya sa su cikin harsasai dubu ya sayar da ninkin ba ninkin wannan kuɗi. Lokacin da oda ta yi masa yawa, ba sai an tambaya ba. Kafin 2020 ana sayen fakitin ƙyastu dubu a kan dala 30 da 'yan kai. Da abin ya yi tsanani ya haura dala 100, kuma samunsa ma allura ce cikin ruwa. Masu haɗin gida da suke ganin sun tsira, su ne aka fara yanke wa.

Ko a cikin ƙyastun ma akwai 'yan mowa da 'yan bora. Akwai ƙanana, waɗanda 9mm da .223 ke amfani da irinsu, akwai kuma manya na dogayen bindigogin farauta irin su .30-06 da .270 da .308, sai masu ƙarin zafi na manyan harsasan da ake kira magnum. Tunda kasuwar 9mm da .223 ita ce teku, ƙananan aka fi bugawa. Manyan, musamman na magnum, su suka fi daɗewa ba a gan su ba.

Me ya kawo rububin? Ba karo na farko ba ne. An yi irinsa bayan zaɓen Barack Obama a 2008, lokacin da masu bindiga suka tsorata cewa za a tsaurara doka. An sake yi bayan kisan yara a makarantar Sandy Hook a Disamban 2012, inda ɗan ƙaramin harsashin .22, wanda ake koya wa yara harbi da shi, ya ɓace daga kantoci har na tsawon shekaru. Amma na 2020 ya haɗa abubuwa da yawa lokaci guda: annobar korona da kulle, zanga-zangar da ta biyo bayan kisan George Floyd, ga zaɓen shugaban ƙasa mai zafi. Hukumar FBI ta gudanar da binciken tantance masu mu'amala da bindiga kusan miliyan 40 a shekarar, adadin da ba a taɓa gani ba. Ƙungiyar masu sana'ar, NSSF, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 8.4 ne suka sayi bindiga karon farko a rayuwarsu. A yi lissafi mai sauƙi: kowannensu ya sayi kwali biyu kacal, kowane kwali harsashi 50, an tashi da miliyan 840 a kan abin da aka saba sayarwa. Kamfanin Vista Outdoor, mai Federal da CCI a lokacin, ya bayyana cewa odar da ke jiran sa ta haura ta dala biliyan 1. Jita-jita ta yi yawa cewa kamfanoni na ɓoye kaya ko gwamnati ce ke kwashewa, har sai da shugaban Federal, Jason Vanderbrink, ya fito a bidiyo yana zagayawa cikin masana'anta yana nuna injina na aiki.

Ana cikin haka kuma ɗaya daga cikin huɗun nan ya durƙushe. Remington ya shiga kotun fatara a Yulin 2020, karo na biyu cikin shekara uku, masana'antar Lonoke ta koma aiki rabi da rabi a daidai lokacin da aka fi bukatarta. Vista ya saye ta a kan kusan dala miliyan 81, amma sai da aka ɗauki watanni ana mayar da ma'aikata da kayan aiki.

Sauran kuma halin ɗan Adam ne, wanda duk mai bin layin gidan mai ya san shi. Wanda kwali biyu ke isar sa a shekara, da ya ga kanta ta fara ramewa sai ya sayi goma. Maƙwabcinsa ya zo bai samu ba, shi ma ranar da ya samu ya kwashe. 'Yan sari su yi sammako su tare mota, su kai intanet su ninka kuɗi. Tsoron ƙaranci da kansa yake haifar da ƙaranci.

Mai karatu zai ce, to me ya hana su gina sababbin masana'antu? An taɓa cizon su. Bayan rububin zamanin Obama kamfanoni sun faɗaɗa, suna zaton Hillary Clinton za ta ci zaɓen 2016 tsoro ya ci gaba. Da Donald Trump ya ci, hankalin masu bindiga ya kwanta, ciniki ya faɗi warwas, aka sallami ma'aikata, kaya suka yi kwantai. Fatarar Remington ta farko a 2018 na da nasaba da wannan. Wanda ya ga haka ba zai zuba miliyoyi a ginin da zai ɗauki shekaru ba don kasuwar da ya san tana iya lafawa kafin ya gama. Sai ƙarin awoyi da ƙarin ma'aikata a kan injinan da ake da su. Giɓin da ya rage, ƙyastun waje ya ɗan cike shi, irin na Ginex daga Bosniya, amma bai kai ya kawo ba.

Gari, da yaƙin da ya cinye shi

Ƙyastu bai gama dawowa daidai ba sai gari ya karɓi layi. Albarushin zamani ba irin baƙin garin gawayi da kibiritu ba ne. Tushensa wani sinadari ne mai suna naitiroselulos, wanda ake samu idan aka sarrafa zaren tsiro da ruwan asid. Mafi kyawun zaren shi ne ɗan gajeren gashin nan da ke maƙale a jikin angurya bayan an gurje auduga. Abin da manomi zai ɗauka shara ce, shi ne cikin harsashi, kuma masu yin gari a Turai sun dogara sosai da China wajen samun sa.

Wannan sinadari ɗaya ne da wanda ke tura ƙwallon igwa. Da Rasha ta afka wa Yukren a Fabrairun 2022, yaƙin ya zama na igwa, kowane ɓangare na harba dubbai a rana. Kafin yaƙin Amurka na ƙera ƙwallayen igwa masu faɗin milimita 155 kusan 14,000 a wata, sai ta sa wa kanta burin kaiwa 100,000. Kowane harbi ɗaya na igwa yana cin kilo da yawa na gari, abin da zai ishi maharbi shekaru. Ƙasashen Turai da suka yi sakaci da masana'antunsu bayan yaƙin cacar baka suka farka a gigice. Faransa, wadda ta daina yin gari a Bergerac tun 2007, sai da ta sake buɗe aikin. A Amurka kuwa babbar cibiyar yin sinadarin ita ce masana'antar soja ta Radford a jihar Virginia, kuma kowa ya san wanda za a fara sallama idan soja da maharbi suka zo layi ɗaya.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, garin da ke cikin gwangwani mai sunan kamfanin Amurka sau da yawa ba a Amurka aka yi shi ba. Varget da H4350 na kamfanin Hodgdon, waɗanda masu harbin nesa ke ji da su, daga Ostareliya suke zuwa. Garin Vihtavuori kuwa na Finland ne. A 2024 aka sanar da dakatar da kai garin kamfanin Alliant shaguna saboda ƙarancin naitiroselulos. Mai haɗin gida da ya shafe shekaru yana auna gari ɗaya har ya gane abin da bindigarsa ke so, dole ya koma farko da wani.

Ƙarafan ma ba su zauna lafiya ba. Jan ƙarfe ya yi tsada saboda wayoyin lantarki da motoci masu batir na neman sa. Akwai kuma antimoni, ma'adinin da tun da can ake danganta shi da kwalli, wanda ake gauraya wa dalma don ta yi tauri, ake kuma sa shi cikin ƙyastu. China ta taƙaita fitar da shi a Satumban 2024, a Disamba kuma ta sanar da hana sayar wa Amurka. Ta ɓangaren cikakken harsashi ma an toshe wata babbar ƙofa: a Agustan 2021 gwamnatin Joe Biden ta sanar da hana shigo da harsashin Rasha, masu kwanson baƙin ƙarfe masu araha irin na Tula da Barnaul. Masu harba su ba su ajiye bindiga ba, sai suka juyo kan na gida, suka ƙara nauyi a kan tagulla da gari da ƙyastun da dama ba su isa ba.

Wanda inji ya zaɓa

Yanzu a dawo kan manajan nan. Layin inji ɗaya iri ɗaya yake bugawa a lokaci guda. Canza shi zuwa wani iri yana nufin a kashe, a kwance kayan aiki, a ɗaura wasu, a gwada, kuma duk awar da inji ya yi shiru asara ce. Ko a lokacin yalwa, harsasan da ba su da kasuwa sosai sau ɗaya ake buga su a shekara, a tara abin da zai kai wata shekarar. A lokacin rububi kuwa wannan zagayen ma tsallake shi ake yi. Sai a yi ta buga 9mm da .223 da .308 da 6.5 Creedmoor, da tsofaffin da kasuwarsu ta yi girman da ba a iya watsi da su, irin .30-06 da .270.

Daga nan abu ke bin abu. Maharbi ya rasa harsashin bindigarsa kaka biyu, sai ya sayi sabuwa mai cin abin da yake gani a kanta. Mai shago ya ga abin da ke tafiya, shi zai sake oda. Mai ƙera bindiga ya daina fafe ta da tsohon iri tunda ba mai tambaya. Mai harsashi ya duba littafinsa ya ga tsohon iri ya ƙara faɗuwa, sai ya ƙara jingine shi. Ba wanda ya zauna ya yanke cewa .257 Roberts ya daina kashe barewa. Yana kashewa kamar yadda yake yi tun 1934.

.223 da .308 suna da wata garkuwa da sauran ba su da ita: 'yan uwan harsasan sojan ƙawancen NATO ne, 5.56 da 7.62. Masana'antar soja ta Lake City a jihar Missouri, wadda Winchester ya karɓi gudanar da ita a 2020, tana sayar da rarar abin da take bugawa ga farar hula, kuma ƙasashe da dama na ƙera su. Harsashin da soja ke ci ba ya zama maraya.

Amma zan yi rashin adalci in na ce duk sauyin nan ƙaranci ne ya kawo shi. Akwai canji na gaske a yadda ake tunanin harsashi, kuma 6.5 Creedmoor ne ya buɗe ƙofar. Kamfanin Hornady na jihar Nebraska ya fito da shi a 2007, aikin masanin kamfanin Dave Emary da gwanin gasar harbi Dennis DeMille. Tsohon tunani shi ne a ƙara gari a ƙara gudu, shi ya haifi 7mm Remington Magnum a 1962 da .300 Winchester Magnum a 1963, masu naushin kafaɗa da ƙarar tsiya. Sabon tunani ya ce a bar gudu matsakaici, a yi ƙwaya siririya doguwa mai nauyi wadda ke ratsa iska ba ta saurin gajiya, iskar gefe ba ta kaɗa ta sosai. Da na'urar auna nisa ta leza ta yi araha, sanin yadda ƙwaya ke sauka ya zama lissafi kawai, iska ce ta rage abin tsoro. Kuma mutum ya fi saiti da bindigar da ba ta dukan sa.

Doguwar ƙwaya tana da sharaɗi. A cikin bututun bindiga akwai zane a murɗe da ke sa ƙwaya juyawa kamar katantanwa don kada ta wuntsila. Iya tsawon ƙwaya, iya matsewar murɗin da take bukata. Tsofaffi irin .270 Winchester na 1925 an yi su da zagaye ɗaya cikin inci 10, Creedmoor kuwa ɗaya cikin inci 8. Wannan 'yar tazara ta taɓa kashe harsashi sukutum. A 1955 Remington ya fito da .244, Winchester ya fito da .243, kusan tagwaye. Remington ya ɗauka na harbin ƙananan dabbobi ne ya yi masa murɗi ɗaya cikin inci 12, wanda ba ya riƙe ƙwaya mai nauyi da kyau. Winchester ya yi ɗaya cikin 10, bindiga ɗaya ta yi zomo ta yi barewa. Kafin Remington ya gyara ya sake masa suna 6mm Remington a 1963, kasuwa ta riga ta tafi. Yau .243 na ko'ina, ɗan uwansa sai an tona.

Creedmoor ɗin ma ba shi ya fara faɗin 6.5 ba. Mutanen Suwidin da Norwe suna da 6.5x55 tun 1894, suna kayar da manyan namun dajinsu da shi. Remington ya fito da .260 a 1997, wanda a aikace kusan abu ɗaya yake yi da Creedmoor, amma bai tsaya masa ba. Hornady kuwa ya cika kantoci da harsashi mai kyau a farashin da talaka zai iya, ya ba sauran kamfanoni dama su ƙera, sannan bindigogi masu araha irin Ruger Precision Rifle ta 2015 suka zo suka ɗauke shi. Wato ko a labarin wanda ya yi nasara don nagartarsa, samuwa ce ta raba gardama tsakaninsa da ɗan uwansa. Da ƙarancin 2020 ya zo, ya riga ya shiga sahun waɗanda ake fara bugawa. Bayan Creedmoor aka jero 6.5 PRC da .300 PRC a 2018, 6.8 Western na Winchester da Browning a 2021, da 7mm PRC a 2022, duk a kan tunani ɗaya.

Ba kowane sabo ke rayuwa ba. A farkon shekarun 2000 an yi yayin gajerun harsasai masu ƙiba. .300 WSM ya samu gindin zama, amma ƙannensa da ake kira WSSM sun shuɗe, waɗanda suka saye su suna riƙe da bindigogi masu kyau da babu abincinsu. Wannan tarihi na cikin ran duk wanda ke tsaye gaban kanta yau yana duban sabon suna.

Doka ma tana nata zaɓen. Jihohi irin su Ohio da Iowa da kudancin Michigan, inda ƙasa take shimfiɗe gidaje kuma kusa da juna, sun daɗe suna hana farautar barewa da doguwar bindiga mai nisan zango. Da suka sassauta, sai suka ce kwanso ya zama miƙaƙƙe marar wuya, don ƙwaya kada ta yi nisa. Winchester ya auna dokar ya ƙera .350 Legend a 2019 daidai jikinta, ya kuma samu kasuwa nan take. California kuma ta hana farauta da dalma gaba ɗaya daga Yulin 2019, saboda wata ƙatuwar ungulu mai suna kondo da ke mutuwa idan ta ci mushen da ke da ɓurɓushin dalma. Ƙwayar jan ƙarfe zalla ba ta kai dalma nauyi ba, dole ta fi tsawo kafin ta kai nauyi ɗaya, doguwar ƙwaya kuma ta fi son matsattsen murɗi. Nan ma sababbin bindigogi suka ci riba.

Abin da ya fi damuna a duk wannan ba cinikin kamfanoni ba ne. Maharbin da harsashi ya yi wa tsada ko ya yi masa wuya ba ya gwaji. Zai ajiye 'yan ƙwayoyi biyar da suka rage masa don ranar farauta, ko ya sa wani iri da bai taɓa gwadawa a bindigarsa ba, alhali kowane iri da inda yake sauka. Sakamakon dabba ce da aka raunata ta shige daji ta mutu a wahale, ba ta amfani kowa ba. Yaron da ya kamata ya harba ɗaruruwan .22 a gaban mahaifinsa kafin a ba shi babbar bindiga, shi ma bai samu ba. Ta wani gefen kuma rububin ya cika asusun kula da namun daji, domin tun dokar Pittman-Robertson ta 1937 ana cire haraji, wanda yanzu kashi 11 cikin ɗari ne, a kan harsashi da dogayen bindigogi a raba wa jihohi don wannan aiki.

Mai tsohuwar bindiga yana da mafita ɗaya, ita ce haɗin gida. Tagulla na bin hannu: ana matse kwanson 7x57 ya zama .257 Roberts, ana buɗa na .30-06 ya zama .35 Whelen, ana matse na .308 ya zama .243 ko .260. Da haka ne harsasan da kamfanoni suka manta da su suke numfashi har yau. Sai dai sabuwar hanyar da sana'ar ta dosa ba ta tagulla zalla ba ce. A Afrilun 2022 sojan ƙasa na Amurka suka zaɓi bindigar SIG Sauer mai cin 6.8x51, wanda kwansonsa jikin tagulla ne da gindin baƙin ƙarfe, don ya jure matsin fam 80,000 a kan kowane inci murabba'i, alhali na gargajiya ba sa wuce 65,000. A 2025 Federal ya kawo wa maharba 7mm Backcountry da kwanson wani gaurayen baƙin ƙarfe mai jure irin wannan matsi, don a samu gudun magnum daga gajeren bututu, tunda maharba da yawa yanzu suna ɗaura abin rage ƙara a bakin bindiga kuma ba sa son ta yi tsawo. Dabara ce mai kyau ƙwarai, amma irin wannan kwanso ba ya lanƙwasuwa a injin hannu kamar tagulla, kuma ba a tsintar sa daga wani iri a gyara. Wanda ya sayi bindigar ya ɗaure kansa da mai kwanson.

Masu kwanson da ƙyastun kuwa sai ƙara raguwa suke. A Nuwamban 2024 Vista ya sayar da sashen harsashinsa kacokan ga Czechoslovak Group na Jamhuriyar Czech a kan sama da dala biliyan 2. Federal da CCI da Remington, uku cikin manyan masu yin ƙyastu huɗun da muka lissafa, yanzu mai su ɗaya ne, kuma babban cinikinsa a 'yan shekarun nan shi ne ƙwallon igwa da kayan yaƙi ga Yukren da rundunonin Turai.